Ranar da Kakina Ya Kashe Wutar Suna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina, da ranar da na sa kakin makaranta na tafi gidan surukai. To, surukai dai a bakina. Su a lokacin ko sunana ba su sani ba.

Abin ya faru ne a shekarun nan na wahala, lokacin da ruwa kan ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, kananzir ya yi ɓatan dabo, sabulu ma sai an bi layi. Ni kuwa ina shekarar farko a kwalejin koyon aikin gandun daji. A ƙauyenmu, nan gabas da Ɗanbatta, ni na fara zuwa irin wannan makaranta, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. In aka tambaye ni me ake koya mana, sai in gyara murya in ce, "Yadda za a tare hamada." Gaskiyar magana kuwa, a watannin farko babu abin da na iya sai cusa ƙasa da yashi da taki a cikin 'yan baƙaƙen ledoji, da jan ruwa ana ba wa dashen darbejiya da bishiyar turare safe da yamma. Sai fareti, sai auna kaurin bishiya da tef, sai haddar sunayen itatuwa na boko masu tsawo kamar igiyar guga. Sai kuma dokar daji, wadda na haddace tsaf kamar karatun allo, don ita kaɗai ce na ga ana ci ba tare da an yi lissafi ba.

An ba kowannenmu kaki kore, riga da wando, da bel, da hular hana-salla, da takalmin but. Akwai wata doka a makarantar da na ɗauka rowa ce kawai: duk ranar da za a tafi hutu, sai kowa ya mayar da kakinsa sito. Malam Ishaya, dattijon da ke mana fareti, mutumin wajen Kunci, shi ke tsayawa a bakin siton yana karɓa. Ba ya dogon bayani. Abin da yakan ce kawai, "Kakin nan ba na zuwa gida ba ne." Ni kuwa na ce a raina, to in ba a gan shi a gida ba, ina amfaninsa? Ranar hutu na ce masa nawa na wanke bai bushe ba, anjima zan kawo. Anjimar ta same ni a cikin motar Ɗanbatta, kaki na ƙasan akwati, but na ƙunshe a buhu.

Ba komai ya sa ni wannan ɗanyen aiki ba sai Zulai. 'Yar wani ƙauye ce ta hanyar Minjibir, takan zo garinmu wurin gwaggonta, Gwaggo Lami, wadda dangar gidansu ita ce dangar gidanmu. Gwaggo Lami ta san ni tun ina cikin tsumma. A cewarta ma ita ta yanke mini cibi, kuma duk inda muka haɗu sai ta tuna mini. Na ɗan taɓa zuwa zance wurin Zulai a ƙofar gidan, ba da yawa ba. A wannan hutun na tarar ana haɗa kaya, yayarta Hajara ta haihu a gidan iyayensu, haihuwar fari, za su tafi da Gwaggo Lami washegari, ranar Asabar suna.

"In ka samu hali ka zo, ko Baba ya gan ka," in ji Zulai, tana kallon ƙasa. Ta ce za ta gaya wa innarta cewa wani ɗan makaranta zai zo gaisuwa.

Yanzu bari in gaya muku abin da ni ban sani ba a ranar, don ku fi jin daɗin kallon wautata. Mijin Hajara ya tafi ci-rani Kurmi tun rani, damina ta zo tana shirin wucewa bai dawo ba, sai dai saƙon baki. Kun san dai itacen wankan jego a wuyan miji yake: kwana arba'in ana dafa ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa. Da yake miji ba ya nan, nauyin ya dawo kan uban yarinya, Malam Haladu. A ƙasarmu kuwa babu daji. Gona ce ke haɗe da gona tun daga bayan gida har inda ido ya tsaya, kuma kowace bishiya da mai ita. Karan bara ya ƙare, na bana bai bushe ba. Sai Malam Haladu ya rufe ido ya kayar da wani marke da ya gada a gonar ubansa. Bai yanki takardar izini ba, don abin da zai ba da na takarda shi ne na hatsin gidan. A zamanin nan, ko a gonarka bishiya take, in ka kayar da ita babu izini malaman daji suka kama ka, za su kwashe itacen, su karɓe gatari, su kai ka gaban alƙali. An yi wa wani maƙwabcinsa haka, sai da aka sayar da jakinsa kafin ya kwana a gida. Saboda haka a ɓoye aka faskara marken, aka riƙa shigo da shi kaɗan-kaɗan, aka jibge a bayan ɗakin mai jego aka rufe da zana. Shi ne wutar suna, shi ne ruwan wankan Hajara har ta yi arba'in. In ya tafi, babu wani.

A al'ada saurayi ba ya zuwa gidan su yarinya shi kaɗai. Da aboki ake zuwa, shi ne baki, shi zai ce, "Wane ne ɗan wane, daga gari kaza, ya zo gaishe ku." Kai naka sunkuyar da kai. Abokina Ɗanjuma ya yi mini alkawari, amma ana gobe suna zazzaɓi ya kwantar da shi. Mai hankali da sai ya fasa tafiyar. Ni sai na ce ai kakin zai yi magana a madadinsa. (Ya kuwa yi.)

Ranar Asabar, maimakon in yi sammako in samu raɗin suna tare da jama'a, sai na ɓata safiyar a kan kaki. Na ba shi sitaci har yana iya tsayawa da kansa, na bi shi da dutsen guga. Babu man takalmi a garin, sai na haɗa baƙin tukunya da ɗan man gyaɗar Inna na goge but. Na rataya tef ɗin awo a bel, na daidaita hana-salla. Inna ta bi ni da kallo tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Yaƙi aka fara ne?" Ban kula ta ba. Na ari keken yayana na kama hanya.

Tun a hanya Allah ya nuna mini alamu, ni ne dai ban iya karatunsu ba. Wasu mata da suka ɗauko 'yan ƙirare a ka, suna hango ni suka ratse cikin dawa. Wani mutum da ke kan gawo yana sassaɓo wa awakinsa ganye ya sulalo ƙasa, ya tura gatarin cikin ciyawa da ƙafa, ya ɗaga mini hannu biyu yana "Ranka ya daɗe." Na ɗaga masa hannu ɗaya. Na ce a raina, ashe haka ilimi yake da kwarjini.

A bakin garin na tambayi wani mai jaki gidan Malam Haladu. Ya ce, "Lafiya dai, ranka ya daɗe?" Na ce lafiya lau. Ya kwatanta mini wata hanya da ta zaga ta bayan makabarta, ta bi ta masaƙa, ta dawo. Daga baya na gane gidan na nan kusa da inda muka tsaya. Kafin in gama zagayen, labarina ya riga ni isa.

Na tarar da sauran maza a kan tabarmi a ƙofar gida, ana ta hira. Daga cikin gida kuwa hayaƙi na tashi, ga ƙamshin suya da na daddawa, ga sautin taɓarya, jefi-jefi a rangaɗa guɗa. Ina jingine keke hirar ta mutu. Wani dattijo dogo siriri mai farin gemu ya taso, ya tuɓe takalmi, ya rusuna. Shi ne Malam Haladu. Ni ya kamata in zube ƙasa, kuma Allah ya sani na yi niyya, amma wandon da ya sha sitaci ya ce bai san zancen ba. Na ji in na matsa zai yage. Cikin ruɗewa sai jikina ya yi abin da ya saba yi kullum da safe: na haɗe ƙafa, na ƙame, na sara masa.

Aka aika gidan Mai-unguwa aka ɗauko kujera, Mai-unguwar da kansa ya biyo ta yana haki. Aka zaunar da ni a kai, dattawa na ƙasa. Aka kawo ruwa a sabon kwano. Bayan an gaisa, an sake gaisawa, Mai-unguwa ya ce, "To, ranka ya daɗe, me ke tafe da kai?"

A nan ne na ji rashin Ɗanjuma. Ta yaya zan buɗe baki, a gaban uban yarinya da sa'o'insa, in ambaci sunanta? Da ƙyar na ce, "Gaisuwa na zo yi wa Baba." Aka dubi juna, don babu wanda ya taɓa ganin malamin daji ya zo gaisuwa kawai. Na ga dole in ce wani abu, kuma a duniya babu abin da na sani sai itace. Idona ya faɗa kan wani ɗan guntun faskare a gindin zaure. Na sunkuya iyakar yadda wando ya yarda, na ɗauka, na juya shi, na sansana.

"Baba, wannan ai marke ne," na ce. "Kuma bai daɗe da faɗuwa ba, dubi cikinsa."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Haladu, a hankali.

Da na ga kowa ya zuba mini ido, sai na ji ƙarfin gwiwa. Na faɗi sunan marke na boko. Na ce yana cikin itatuwan da doka ta kare. Daga nan na kwararo dokar tun daga farko har ƙarshe, da kwashe itace, da karɓe gatari, da tara, da gidan yari, ban tsallake ko wasali ba. Rabon da in yi tilawa mai kyau haka tun ina makarantar allo. Ina yi ina satar kallon Malam Haladu, na ga yana share goshi da hannun riga, na ce a raina, dattijon nan ya gane 'yarsa ba ƙaramin mutum ta samo ba.

Mai-unguwa ya raɗa wa wani magana, mutumin ya tashi ya shige gida. Ba a jima ba sautin taɓarya ya tsaya. Hayaƙin ya koma fari, ya turnuƙe, daga nan ya ɗauke ɗif. Ni kuwa cikina ya yi murna. Na ce an sauke tukwane, yanzu za a fito da abinci.

Ina da wani shiri da na kwana da shi. Na ƙudurta in na koma makaranta zan roƙi dashen itatuwa in kawo wa surukina kyauta, kuma an koya mana ba a kai dashe gona sai an ga abin da ke cikinta. Saboda haka na ce, "Baba, ina so a kai ni gonarka in ga itatuwan da ke ciki."

Malam Haladu ya dubi Mai-unguwa. Gaba kura, baya sayaki: ga itace a gida, ga kututture a gona. Mai-unguwa ne ya yi wuf ya ce, "Ni zan kai ka, ranka ya daɗe." Muka ɗunguma, ni a gaba, su biyu a baya. Gonar Malam Haladu tana gabas. Yamma muka nufa, muka yi ta tafiya ta cikin gonaki har garin ya ɓace, sannan Mai-unguwa ya nuna mini wata gona mai ɗorawa da kanya da tsamiya, kowacce a tsaye lafiya lau. (Tasa ce.) Na zare tef na shiga aiki. In na auna wannan na yi bayani, sai ya ce, "Ga wata can ba ka auna ba." In na gama ita, ya hango wata. But ɗin nan, da ma ya ɗan matse ni, ya fara cin dugadugaina, ƙudaje kuma suka gano man gyaɗar da ke kai. Azahar ta yi, muka yi salla a gindin tsamiya da ruwan wata rijiya. Yunwa kamar ta kashe ni, amma ina, ai ba a nuna wa suruki ragwanta.

Duk wannan lokacin, ga abin da ke faruwa a gida. Gwaggo Lami ce uwar tukwane a ranar. Da aka ce mata malamin daji ya zo, har ya tsinci ɓaraguzai ya gane marke ne, ba ta tsaya shawara ba. Ta sa aka sheƙa wa kowane murhu ruwa. Tuwo na matakin talge, nama na tsakiyar kasko, tukunyar wankan mai jego ko ɗumi ba ta yi ba. Ta sa aka ɗaga danga ta baya, mata suka yi layi da kayan bikinsu, Zulai na ciki, suka riƙa miƙa faskaren hannu da hannu ana jefawa a kududdufin bayan gida. Marke kuwa nauyi gare shi, yana faɗawa yake nutsewa. Har guntayen da ke ci a murhu ba a bari ba. Aka share wurin tas, aka yayyafa ƙasa.

Sai wajen la'asar muka dawo, ina ɗingishi. Gidan suna ya yi tsit kamar gidan makoki. A kariyar kekena na ga an ɗaure wata jar kaza mai ƙiba, irin wadda a shekarar ba kowane gida ake samu ba. Malam Haladu ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna da hannu biyu, na ji nasa na rawa.

"Ranka ya daɗe, ga ɗan abin da ya samu," in ji shi. "Shekarar ce ta zo da haka. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka."

Ni fa ban ji komai a maganar ba sai tawali'un dattijo. Saurayi ya zo ganin farko an ba shi kaza? Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na yi murmushi na ce, "Haba Baba, kada ka damu. Ai yanzu na ga gida. Zan riƙa zuwa a kai a kai."

Har yau ina ganin yadda fuskarsa ta yi.

Allah ne ya kawo Gwaggo Lami. Ta gaji da zaman jira, ta ce bari dai ta leƙo ta ga fuskar azzalumin da ya hana mai jego wanka, ko ta san wanda za ta kai ƙara wurin Allah. Ta leƙo ta zaure, lulluɓe da mayafi. Ta dube ni. Ta sake dubawa. Sannan ta fito gaba ɗaya, ta zo har gabana, ta ɗaga bakin hana-salla da yatsa ɗaya.

"Ba ɗan Abu maƙwabciyata ba ne wannan?" ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Yaya Haladu, sakar masa hannu. Wannan ne malamin dajin? Wannan da na yanke wa cibi? Ko ɓera ba shi da ikon kamawa. Ɗan makaranta ne, ledoji yake cika wa ƙasa, uwarsa ce ta gaya mini. Wurin Zulai ya zo."

A gaban uban yarinya, da Mai-unguwa, da duk wanda ke kan tabarma ta faɗi wannan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani daga baya ya fara dariya ya mayar da ita tari. Malam Haladu kuwa bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya lallaɓa ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya sauke wani dogon numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi." Can kuma ya ɗago ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Lami, itacen fa?"

Sai a lokacin na fara gane akwai wani itace a maganar.

Gwaggo Lami ta kwance kazar daga keke ta miƙa wa wata mata. "Ta farfesun mai jego ce," in ji ta, tana hararata. Ta kama hannun rigata ta ja ni. Ni da ko zaure bai kamata in wuce ba sai an ɗaura aure, sai ga ni a tsakar gidan surukai ranar farko. Na ga murhu bayan murhu a jiƙe, toka ta zama taɓo. Na ga talge ya sandare a tukunya, nama ya daskare cikin mai. Na ga mata baƙi da suka yi sammako daga garuruwa a ƙafa, suna zaune jugum da 'ya'yansu, tun safe babu abin da ya shiga bakinsu. Daga cikin ɗaki jariri na kuka. A tafe take gaya mini komai, da mijin da ke Kurmi, da marken gado, da jakin maƙwabci. Wallahi a nan kunyar ta sauya, ta koma baƙin ciki. Dariyar da za a yi mini ta daina damuna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannun dattijon nan da na ji yana rawa a cikin nawa, ina ta washe baki.

Muka fita ta dangar baya, ga kududdufi, ruwansa kore shar, kwaɗi na ta hidimarsu.

"Shiga," in ji Gwaggo Lami.

Na kama ɓalle maɓallin riga. Ta ce, "A'a, da kakin. Ai shi ya zuba su."

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Na shiga. Ruwan bai wuce ƙugu ba, amma lakar da ke ƙasa ta kai gwiwa. Sitacin da na wahala a kansa ya narke nan take. Nakan lalubo faskare da ƙafa, in nutsa hannu har kafaɗa, wani lokaci har kunne, in ciro in miƙa. Hana-salla ta faɗa ruwa tun a karon farko, na bar ta tana yawo. But na hagu ya maƙale a laka, na ja, ƙafar ta fito shi bai fito ba, kuma har yau yana can. Mata suka sake yin layi a bakin ruwa, wannan karon da dariya, wasu har da riƙe ciki. Wata tsohuwa duk sanda na ciro ɗaya sai ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa me sunansa da boko?" Wadda ke gaba a layin, mai karɓa daga hannuna, Zulai ce. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana ta karɓa har muka kusa gamawa. Sannan ta sunkuyo kamar za ta karɓi itace, ta ce a hankali, "Na ce ka zo Baba ya gan ka. To, ai ya gan ka."

Itacen ya fito kusan duka, amma jiƙaƙƙe, ba zai ci wuta ba sai ya sha rana. Maƙwabta ne suka rufa asiri a ranar. Wannan ta kawo ɗan kara, waccan busasshen kashin shanu, wani ya cire tsohuwar dirkar rumfarsa. Sai dab da magariba aka ci tuwon suna, duk gudaji, yana warin hayaƙi. Hajara kuwa da ruwa mai ɗumi-ɗumi ta yi wanka, abin da tsofaffi suka yi ta salati a kai.

Aka ara mini wata tsohuwar riga, na zo yin sallama. Wannan karon na durƙusa har ƙasa, babu sitacin da zai hana. Na ba da haƙuri iyakar iyawata. Malam Haladu ya ce babu komai, rashin sani ya fi dare duhu. Har na miƙe, sai ya ce, "Yaro, in tambaye ka mana. In ka gama makarantar aka ba ka kakin na gaske, ka zo ka tarar da kututturen nan a gonata, yaya za mu yi?" A duk dokar da na haddace babu wurin da aka ambaci mai jego. Ya ce, "To, ka yi ta tunani, da sauran lokaci. Ka gaida gida."

Kafin in isa gida da takalmi ɗaya labari ya riga ni, don na ƙauye ba ya jiran keke. Washegari da safe Inna ta raba 'yan itacen girkinta biyu, ta ɗaure rabi a kariyar keke, ta ce, "Kai wa mai jego." Haka na yi ta jigila, da 'yar shara da silifa, har marken ya bushe. Babu wanda ya ratse cikin dawa da ya hango ni.

Da aka koma makaranta na je sito da kaki mai launin kududdufi da but ƙwaya ɗaya. Malam Ishaya ya ɗaga rigar ya duba, ya ajiye, ya dube ni.

"Me aka ba ka, kaza ko ƙwai?"

"Kaza, Malam."

"Ka mayar?"

"An karɓe."

"To, ka fi wasu sa'a," in ji shi. Ya ɗora mini ban-ruwan dashe ni kaɗai har ƙarshen zango.

Na gama makarantar, na yi aikin daji har na yi ritaya, kuma tambayar Malam Haladu ta bi ni duk garin da aka kai ni. Ban ce na amsa ta daidai kullum ba. Amma na koyi fara shiga gari da doguwar riga, in zauna a tabarma, in tambayi wa ya haihu kafin in tambayi wa ya sare. Zulai kuwa, Allah ya yi, ita ce uwar 'ya'yana. A garinsu har yau babu mai kirana da sunana, Kashe-wuta ake ce mini, har jaririn da aka raɗa wa suna a ranar, wanda yanzu shi ma ya fara furfura. In na dawo daga unguwa na yi sallama tana girki, takan ce da jikoki, "Ku bar wutar, mai gidan ne."

Shawarar da nake ba yaran da ke fitowa daga kwaleji ɗaya ce. In ka isa wuri ka ga dattawa na tuɓe maka takalmi ana ɗauko maka kujera, kada ka yi saurin kumbura. Ɗaga kai tukuna ka duba ko hayaƙin gidan yana tashi.